Harafin Ƙarshe da Amanar Ɗakin Kati: Nazari a kan Lambobin Jinyar Bibiya Bayan Shan Guba da Gangan

Tsakure

Wannan maƙala tana nazarin yadda ake ɗora lambar cuta a kan majinyacin da ya sha guba da gangan, Allah ya yi da sauran kwanansa, aka sallame shi, sa'an nan ya komo asibiti domin a ga yadda jiki yake. An ɗauki tsarin ƙasar Amurka, wato ICD-10-CM, a matsayin madubin nazari, domin shi ne ya tattara abin da aka sha, da niyyar wanda ya sha, da matakin da jinya ta kai, duk a cikin lamba guda, aka kuma auna shi da kundin Hukumar Lafiya ta Duniya. Hujjar da maƙalar ta tsaya a kanta ita ce, lambar ranar komowa shaida ce, kuma idan aka share niyya daga cikinta da sunan rufin asiri, to an tauye wa majinyaci rabin maganinsa.

Gabatarwa

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin taimakon gaggawa a daren da aka shigo da mutum a sume, 'yan'uwa suna salati, nas-nas suna kai da kawo, likita yana neman jijiya, ya san cewa a wannan sa'a babu mai tunawa da alƙalami. Amma idan kwanaki suka shuɗe, hankali ya kwanta, majinyaci ya tashi da ƙafafunsa ya tafi gida, sa'an nan ya dawo bayan mako guda ya zauna a kan benci yana jiran a kira sunansa, to a ranar babu abin da zai yi magana a madadin wancan dare sai abin da aka rubuta a fayil. Galibi likitan da zai gan shi ba shi ne ya karɓe shi da farko ba, kuma majinyacin kansa, saboda kunya da nauyin baki, ba lalle ne ya faɗi abin da ya auku ba. Wannan rana ta komowa, da 'yan haruffan da ake rubuta mata, su ne maudu'in bayanina.

Asalin kundin

Al'adar rubuta labarin majinyaci tsohuwa ce, domin tun a ƙarni na goma Abubakar Ar-Razi yana ƙididdige halin marasa lafiyar da ya duba ɗaya bayan ɗaya. Sai dai tattara cututtuka a jere su bisa ƙa'ida guda wadda ƙasashe za su yi tarayya a kanta, wannan aiki ne da ya tsiro daga ƙidayar mamata a Turai. John Graunt ya nazarci takardun mace-macen birnin Landan a 1662, William Farr ya ɗora a kai a Ingila cikin ƙarni na sha tara, har zuwa 1893, lokacin da Jacques Bertillon, shugaban ƙididdiga na birnin Paris, ya gabatar da jerin musabbaban mutuwa a wani taron masana ƙididdiga a Chicago, ƙasashe suka fara karɓarsa. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar kundin, kuma daga bugu na shida aka shigar da cututtukan rayayyu, bayan da can mamata kaɗai ake lissafawa. An amince da bugu na goma a 1990, aka fara aiki da shi a 1994, sa'an nan bugu na sha ɗaya ya samu amincewa a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022.

Ita kuwa Amurka, saboda a can kamfanonin inshora ba su biyan asibiti sai da lamba, ta faɗaɗa bugu na goma ta yi nata reshe mai suna ICD-10-CM, wanda cibiyar ƙididdigar lafiya ta ƙasar ke kula da shi, aka kuma wajabta amfani da shi daga ranar 1 ga Oktoba, 2015. Lambobin da a tsohon tsari ba su wuce kimanin 14,000 ba sai suka doshi 70,000, kuma kaso mai yawa na wannan ƙari ya faɗa ne a babi na 19, babin raunuka da guba.

Yadda aka gina lambar

Babin ya kasa guba gida biyu. Daga T36 zuwa T50 na magungunan asibiti ne idan an sha su ba bisa ƙa'ida ba, daga T51 zuwa T65 kuwa na abubuwan da tun asali ba don a sha su aka yi su ba: T52 ya ƙunshi kananzir da dangoginsa, T54 ya ƙunshi masu ƙona nama kamar ruwan batir da sodar sabulu, T56 na ƙarafa ne irin su dalma, T60 na magungunan ƙwari da na ciyawa da na ɓera, T65 kuma shi ne zauren da ake sauke duk baƙon da bai sami masauki a sauran ɗakunan ba.

Bari mu warware lamba guda, T60.0X2D, gurbi bayan gurbi. T60 ya ce maganin kashe ƙwari ne. Sifirin da ke bayan ɗigo ya fayyace cewa daga jinsin oganofosfet ko kabamet yake. Harafin X ba ya ɗauke da ma'ana, an ajiye shi ne ya riƙe gurbi don kada na bayansa su zame daga muhallinsu. Lamba 2 ta ce mutumin ya sha ne da nufin cutar da kansa. Harafin D kuma ya ce an wuce lokacin ceton rai, ana cikin lokacin murmurewa. Idan likita ya san abin da aka sha amma kundin bai ware masa ɗaki ba, sai a rubuta T65.892D, idan kuwa ba a rubuta ko mene ne ba, sai T65.92XD, inda niyya ta matso gurbi na biyar, X ya koma na shida. Tsakanin waɗannan biyun akwai bambancin da ke tsakanin abin da aka sani ba a yi masa suna ba da abin da aka jahilta, kuma yawaitar na biyun a rijistar asibiti alama ce ta cewa ba a tambayi 'yan rakiya ba, ba a kuma ce su kawo kwalbar ba. Ƙa'ida ta ce a fara da lambar gubar, sa'an nan a biyo da lambobin abin da ta haifar a jiki.

Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, a bugunsa na goma, ya bi wata hanya dabam. A cikinsa lamba biyu ake bukata: T60.0 ta faɗi abin da aka sha, X68 ta faɗi cewa da gangan ne, kamar yadda X48 take nuna kuskure, Y18 take nuna rashin tabbas. Babu harafi na bakwai a can, saboda haka ranar komowa akan jingina ne da lambobin Z, irin su Z09 ta duba majinyaci bayan an gama magani da Z91.5 ta tarihin cutar da kai, illar da ta saura kuma a rubuta ta da T97 tare da Y87.0. Aibin lamba biyu shi ne ɗaya tana iya faɗuwa a hanya, kuma wadda ta fi saurin faɗuwa ita ce ta niyya.

Niyya

Ɗalibin fiƙihu ba zai ji baƙunta ba idan ya iso wannan gurbi, domin malamanmu sun daɗe da sanin cewa aiki guda yana iya ɗaukar hukunci dabam-dabam gwargwadon abin da zuciya ta ƙudurta, har Imamul Buhari da Imamun Nawawi suka buɗe littattafansu da hadisin niyya, fuƙaha'u kuma suka rarrabe amdi da kuskure a babin jinayoyi, wasu mazhabobi suka ƙara shibhul amdi a tsakani, alhali mashhurin mazhabar Imamu Malik bai faɗaɗa wannan kashi na uku ba. Kundin Amurka ya yi kashi huɗu: 1 kuskure, 2 cutar da kai da gangan, 3 wani ne ya ba shi da nufin cuta, 4 an bincika an kasa tantancewa. Yaran Zamfara da dalma ta hallaka sama da 400 daga cikinsu a 2010 suna ƙarƙashin kashi na farko, wanda aka zuba wa guba a abinci yana ƙarƙashin na uku, kuma su biyun, ko da alamomin jikinsu sun yi kama da na mai kashi na biyu, bukatunsu bayan sallama ba ɗaya ba ne.

A nan akwai wata ƙa'ida da ya kamata a riƙe da kyau. Ma'aikacin ɗakin kati ba muftin niyya ba ne. Ba ya hukunci da zato, ba ya rubuta abin da ya ji a baranda, iyakarsa abin da likita ya sa wa hannu. Jagorar ICD-10-CM ta ce idan ba a ambaci niyya ba, ko ba a san ta ba, a rubuta kuskure, kuma ba a amfani da lamba 4 sai likita ya rubuta ƙarara cewa an kasa tantancewa. Ma'anar wannan ita ce shirun likita ba ya zama shiru a cikin rijista, juyewa yake yi ya zama shaidar cewa hatsari ne. Hanyar da ta rage wa ma'aikaci mai tsoron Allah ita ce ya mayar da fayil ga likita da tambaya a rubuce, ba tare da ya sanya masa amsa a baki ba.

Harafi na bakwai

Haruffa uku ne suke rufe lambar, A da D da S, kuma kuskuren da ya fi yawa a kansu shi ne a ɗauka cewa suna ƙirga zuwa asibiti ne, na farko da na biyu da na uku, alhali matakin jinya suke nunawa. A ƙaddara wani ma'aikacin gona ya sha maganin feshi a cikin halin ƙunci, aka kai shi ƙaramin asibiti aka fara yi masa allurar atirofin, washegari aka wuce da shi babban asibiti, a kwana na uku tsokokin wuyansa da na numfashinsa suka yi rauni, wato halin nan na tsaka-tsaki da Senanayake da Karalliedde suka siffanta a Siri Lanka a 1987, wanda yakan zo tsakanin awa 24 zuwa 96, har aka sa masa na'urar numfashi: duk wannan, ko da likita biyar suka gan shi a asibiti biyu, harafinsa A ne, domin ana cikin yaƙi da gubar. Sai ranar da ya dawo daga gida aka auna jininsa, aka gwada ƙarfin gaɓoɓinsa, aka daidaita masa magani, a ranar ce lambar ta koma T60.0X2D, kuma za ta ci gaba da zama haka ko sau nawa ya dawo, muddin yana kan hanyar warkewa. Tsarin Amurka ya hana a musanya wannan da lambobin Z na kulawar bayan jinya, hikimar kuwa a fili take: lambar Z takan ce an zo dubawa, amma ba ta faɗin me aka sha, balle dalilin sha.

Harafin S na tabon da gubar ta bari ne bayan ita kanta ta gushe. Wanda ya haɗiyi sodar sabulu, makonni suka wuce, maƙoshinsa ya ƙuntata har tuwo ya gagara wucewa, za a fara rubuta masa K22.2, lambar toshewar hanyar abinci, sa'an nan T54.3X2S ta biyo baya ta faɗi asalin abin. Kuma kundin bai yanka wa'adin da S zai fara aiki ba, ko wata guda ne ko shekara goma. Banda waɗannan, idan likita ya tabbatar da ciwon damuwa sai a ƙara lambarsa daga jerin F32 ko F33, idan tunanin kashe kai yana nan sai R45.851, idan kuwa al'amarin ya zama tarihi sai Z91.51, wadda aka raba ta da Z91.52 a Oktoban 2021 domin a bambance yunƙurin kashe kai da cutar da jiki ba da nufin mutuwa ba.

Abin da ya sa ranar komowa take da nauyi

Mai tambaya zai ce, mene ne na wahalar da kai a kan harafi guda? Amsa ita ce majinyacin da ya komo ciwo biyu ya zo da shi, ɗaya a jiki ɗaya a zuci. Na jiki yakan yi jinkirin bayyana: wasu magungunan feshi kan taɓa jijiyoyin ƙafa bayan mako biyu ko uku, wasu magungunan ɓera kan tsinka jini har a yi makonni ko watanni ana shan bitamin K. Na zuci kuwa ya fi ɓuya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa mutane sama da 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, kimanin kashi ɗaya cikin biyar ta hanyar magungunan ƙwari, ta bayyana cewa yunƙurin da ya gabata shi ne mafi ƙarfin alamar haɗari a nan gaba. Lamba 2 da ke zaune kafin harafin D ita ce mai jan rigar likita ta ce masa, bayan ka duba ƙirji, ka tambayi barci, ka tambayi halin gida, ka tambayi inda sauran kwalbar take.

Kuma an tabbatar cewa bibiya tana ceton rai. A binciken da Hukumar ta gudanar a Barazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, wanda aka buga a 2008, an raba mutum 1,867 da suka yi yunƙuri gida biyu, aka yi wa kashi ɗaya ɗan zaman faɗakarwa, aka riƙa tuntuɓarsu ta waya ko ziyara har wata 18. Waɗanda suka mutu ta hanyar kashe kai a cikin waɗanda aka riƙa tuntuɓa kashi 0.2 ne cikin ɗari, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 2.2. Wannan magani, idan muka duba da idon basira, sunansa zumunci da gaida mara lafiya, sai dai asibiti ba zai san wanda zai gaisar ba idan rijista ba ta nuna shi ba. Haka nan a matakin ƙasa: Siri Lanka ta san irin magungunan da ke kashe mutanenta saboda an rubuta su, ta haramta mafiya haɗari daki-daki, aka ƙiyasta cewa an tsirar da rai kimanin 93,000 tsakanin 1995 da 2015. Da a ce duk an jibge su a ƙarƙashin abin da ba a fayyace ba, da hukuma ba ta san abin da za ta hana ba.

Tsakanin rufin asiri da shaida

A nan ne al'amarin ya taɓo mu kai tsaye. Fiya-fiya da maganin ɓera suna cikin ɗakunanmu, har ta kai hukumar NAFDAC a 2019 ta taƙaita sayar da wasu magungunan ƙwari na gona a kasuwanni da kantuna. Amma likitanmu idan ya ɗauki alƙalami zai rubuta niyya, abubuwa uku ne suke riƙe hannunsa: uba da ke roƙonsa ya rufa asiri don kada auren 'yarsa ya lalace, da sanin girman laifin a shari'a, da kuma sashe na 231 na dokar finalkod, da takwaransa na 327 a dokar laifuka ta kudu, waɗanda suka tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ingila, wadda daga gare ta muka gaji wannan hukunci, ta soke nata tun 1961, majalisar Gana ma ta soke nata a 2023. Saboda haka ba zan zargi likitan da ya rubuta kuskure da mugun nufi ba. Tausayi ne ya ja shi.

Sai dai ina ganin tausayin ya sauka a inda ba muhallinsa ba. Suturce Musulmi wajibi ne, amma sutura tana nufin kare sirri daga wanda bai da haƙƙin saninsa, likitan da zai karɓi majinyaci gobe kuwa yana da wannan haƙƙi, kuma Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ayar da ta hana kashe kai a Suratun Nisa'i da ambaton rahamar Allah aka rufe ta, jumhurun malamai kuma ba su fitar da mai wannan aiki daga Musulunci ba, kiyaye rai kuma yana cikin manyan maƙasudan shari'a guda biyar. Idan haka ne, muhallin rufin asiri shi ne ƙofar ɗakin kati: a kulle fayil, a ƙayyade masu buɗe kwamfuta, a daina kiran sunan cuta a bainar jama'a, a hukunta mai tsegumi, kamar yadda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 suka ɗora mana, kuma kamar yadda dokar HIPAA ta 1996 ta ɗora wa Amurkawa. Amma abin da ke cikin fayil ɗin, wannan shaida ce, ba a canza ta.

Kammalawa

Shawarwarina huɗu ne. Na farko, likita ya rubuta abu uku a fili a kan kowane mai shan guba: abin da aka sha, da niyya gwargwadon abin da ya tabbata gare shi, da matakin jinya, idan kuma ya kasa tantance niyya ya faɗi haka da alƙalaminsa. Na biyu, asibitocin da ke aiki da kundin Hukumar Lafiya ta Duniya su hana a rufe fayil da lambar T ita kaɗai ba tare da abokiyarta ta niyya ba, su kuma ware gurbi a rijista na ranar komowa. Na uku, kada a sallami mai lamba 2 sai an yanka masa ranar dawowa a cikin mako guda, an haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa ko wanda aka horar, an kuma ɗora wa wani ma'aikaci alhakin nemansa idan bai zo ba. Na huɗu, malaman addini da masana shari'a da likitoci su zauna a kan sashe na 231, domin muddin gaskiya tana iya kai majinyaci gaban alƙali, to za a ci gaba da ɓoye ta ga likita.

Ma'aikacin ɗakin kati ba ya riƙe allura, ba ya kwana a gefen gado, kuma majinyaci ba zai taɓa sanin sunansa ba. Amma wanda ya dawo da ƙafafunsa ya zauna a kan benci, bakinsa ya yi nauyi, yana da haƙƙi a kanmu cewa takardarsa ta faɗa wa likita abin da shi ya kasa faɗa.